Gonar Gwaji: ɗan ƙodago da matarsa a farkon mulkin mallakar Ostireliya

Idan ka ɗauki mutum ɗaya, ka ba shi fartanya da gatari da iri, ka ajiye shi a dajin da ba a taɓa shuka alkama a cikinsa ba, wata nawa zai yi kafin ya daina miƙo maka hannu neman abinci? Tambayar da ta dami Arthur Phillip ke nan a 1789. Shi ne gwamnan farko na sansanin fursunonin da Birtaniya ta kafa a inda birnin Sidni yake a yau, kuma yana da baki fiye da dubu da zai ciyar daga rumbun da kullum raguwa yake yi. Sai ya shirya gwaji. Duk ɗalibin kimiyya zai gaya maka cewa gwajin da aka yi a kan mutum ɗaya tak ba ya tabbatar da komai, amma Phillip ba shi da halin jira, kuma mutum ɗayan ne ya samu. Sunansa James Ruse.

Amsar da gwajin ya bayar ita ce wata 15. Littattafan makaranta a Ostireliya galibi nan suke tsayawa. Ni kuwa ina so ka bi iyalin har ƙarshe, domin mutum biyu ne suka yi aikin, ba ɗaya ba, kuma bayan shekara hudu gonar ba ta hannunsu.

Yadda suka je can

An haifi Ruse wajen 1759 a kusa da garin Launceston, a yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila, ya tashi yana aikin gonar wasu. A 1782 kotu a Bodmin ta same shi da laifin fasa gida da satar agogon azurfa biyu. Hukuncin irin wannan laifi a lokacin rataya ne, amma aka sassauta masa zuwa korar shekara bakwai daga ƙasa.

Matsalar ita ce babu inda za a kai shi. Kafin nan Ingila Amurka take jibge masu laifinta, kimanin mutum 50,000 a cikin ƙarni na 18, sai Amurkawa suka yi tawaye suka rufe wannan ƙofa. Aka koma tara fursunoni a cikin tsofaffin jiragen ruwa da aka ɗaure a bakin teku. Ruse ya yi kusan shekara biyar tsakanin kurkuku da wani irin wannan jirgi mai suna Dunkirk a Plymouth. A tsakanin nan har an yi shawarar kai fursunonin wani tsibiri a cikin kogin Gambiya, aka fasa saboda tsoron zazzaɓi zai ƙarar da su. Da shawarar ta yiwu, da wataƙila labarin nan a Afirka ta Yamma ya faru.

A watan Mayun 1787 jirage 11 suka bar Portsmouth da fursunoni fiye da 700, da sojoji da ma'aikatan jirgi. Ruse yana cikin wanda ake kira Charlotte. Suka isa a Janairun 1788.

Noman farko ya watse. Ƙasar da ke bakin tekun Sidni ta samo asali ne daga dutsen yashi, kuma yashi ba ya riƙe ruwa, ba ya riƙe abincin shuka. Irin da suka zo da shi zafi da ƙwari sun lalata da yawansa a hanya. Mafi yawan fursunonin 'yan birni ne da ba su san bambancin alkama da ciyawa ba. Ga shi kuma sun sauka a kudancin duniya, inda lokutan shekara suke a juye: Disamba zafi, Yuli sanyi. A watan Yunin 1788 'yan shanun da suka kawo suka ɓace a daji, ba a sake ganinsu ba sai 1795, lokacin sun hayayyafa sun kai kimanin 60. Ka riƙe maganar shanun nan, za ta dawo.

Ganin haka Phillip ya matsa yamma kamar kilomita 24, zuwa inda ya sa wa suna Rose Hill, wanda daga 1791 aka mayar masa da suna Parramatta. A can ƙasar yumɓu ce da ta fito daga dutsen laka, ta fi ta bakin teku dama-dama. A tsakiyar 1789 Ruse ya ce wa'adinsa ya cika. Abin dariya, takardun da ke nuna shekarun da aka yanke wa kowane fursuna an baro su a Ingila, don haka gwamnan bai da abin dubawa. A ƙarshen shekarar ya ba shi wani yanki a Rose Hill, aka gina masa bukka, aka taimaka masa da sassabe, aka ba shi kayan aiki da iri da aladu mata biyu da kaji shida. Alkawarin shi ne idan ya iya ciyar da kansa, eka 30 tasa ce.

Matar da zai aura a lokacin ba ta ma iso ba. Elizabeth Perry, wadda wasu takardun suka rubuta Parry, fursuna ce da ta zo a watan Yunin 1790 tare da ayarin jirage na biyu. Wannan ayari ya yi ƙaurin suna. Jirage uku daga cikinsa wani kamfanin Landan ne ya yi kwangilarsu, Camden, Calvert da King, wanda sana'arsa ta asali jigilar bayi ce daga gaɓar Afirka. An biya shi kuɗi a kan kowane fursuna da ya hau jirgi, ko ya sauka da rai ko ya mutu a hanya. Bawa idan ya mutu asara ce ga mai jirgi, fursuna kuwa idan ya mutu abincinsa ya zama riba. Daga fursunoni kimanin dubu da ke jiragen ukun, kusan kashi ɗaya cikin huɗu ba su ga ƙasa ba.

Ƙasar da ta tarar ita ma yunwa ake yi. Jirgin da aka aiko da abinci, Guardian, ya yi karo da tsaunin ƙanƙara a Disambar 1789. Wani jirgin nasu, Sirius, ya farfashe a tsibirin Norfolk a Maris 1790. Daga Afrilu rabon mutum na mako guda ya koma garin alkama kilo ɗaya da ɗan ɗori, shinkafa ƙasa da kilo, da naman alade mai gishiri ƙasa da kilo wanda ya shekara da shekaru a ganga. A 5 ga Satumba 1790, wata uku da saukarta, ta auri Ruse.

Abin da ya yi wa ƙasar

A nan ne muka yi sa'a. A Nuwambar 1790 wani hafsan soja, Watkin Tench, ya zagaya gonakin Rose Hill, ya tsaya a gonar Ruse, ya tambaye shi yadda yake noma, ya kuma rubuta amsar a littafin da ya buga a 1793. Da wuya ka samu ɗan ƙodago na wancan zamani yana bayanin sana'arsa da bakinsa a kan takarda.

Ba shi da garma, ba shi da dabbar da za ta ja ta. Sai ya ƙone itatuwan da aka sare, ya tone tokar cikin ƙasa, sannan ya kafce da fartanya. A rana ba ya wuce murabba'in mita 200 zuwa 230. A gonar gwamnati ana tilasta wa fursuna ya yi ninki biyun haka, don haka yaƙushin ƙasa kawai ake yi, kuma Ruse bai ɓoye rainin da yake yi wa wannan aikin ba. Da irin tafiyarsa, eka ɗaya kwana 18 zuwa 20 take ci. Bayan kaftu sai ya farfasa hoge, ya binne ciyawa, ya bar ƙasar ta sha iska da rana, dab da shuka ya sake juya ta. Ya yafa alkama a eka ɗaya da rabi a watannin Mayu da Yuni, ya shuka masara a rabin eka a ƙarshen Agusta da farkon Satumba, ga ɗan lambu a gefe.

Duk wanda ya taso a ƙauye ya san toka tana gyara gona. Dalilin shi ne itace yana tara fotasiyam da kalsiyam da ɗan fosfaras a tsawon rayuwarsa, wuta kuma ta sake su gaba ɗaya cikin siffar da saiwa za ta iya sha. Tokar tana kuma rage tsamin ƙasa, abin da ke sa fosfaras ɗin da ke maƙale ya samu. Amma naitirojin, wanda shi ne ke sa ganye ya yi kore shar, mafi yawansa hayaƙi yake bi ya tafi. Shi ya sa binne ciyawar da Ruse ya yi yake da ma'ana: ruɓewarta ce ke mayar da ɗan naitirojin. Juya ƙasa da shanya ta kuma yana ba ƙananan halittun cikinta iska, su ci ruɓaɓɓen ganyen da daji ya tara shekara aru-aru, su saki abin da ke ciki. Ka lura da abin da wannan yake nufi. Shekarar farko da ta biyu ajiyar daji kake ci. Ba ka zuba komai ba, cira kawai kake yi.

A Ostireliya kuwa ajiyar ba ta da yawa. Nahiya ce tsohuwa ƙwarai, mafi yawanta ba ta samu aman wutar dutse ko niƙan ƙanƙara na kusa-kusa da zai sabunta ƙasarta ba, ruwan sama ya daɗe yana wanke ta. Ƙarancin fosfaras a ƙasarta sananne ne, kuma noman alkamarta bai miƙe sosai ba sai da takin supa ya bazu, bayan fiye da shekara ɗari.

Ruse bai san sunan fosfaras ba, amma ya san inda gizo ke saƙa. Ya gaya wa Tench cewa zai binne ƙaiƙayi da karan alkama a ramuka tare da duk abin da zai ruɓe, ya zama taki. Bayan girbi kuma zai shuka tanif, wani abin saiwa da manoman Ingila ke sakawa tsakanin hatsi da hatsi. Sai dai a Ingila amfanin tanif shi ne tumaki da shanu su ci, su zubar da kashi a gonar. A nan babu dabbar da za ta ci. Da aka tambaye shi ra'ayinsa a kan ƙasar, ya ce tsaka-tsaki ce, da taki zai iya da ita, amma in babu shanu za ta gaza. Manomin da ke roƙon Bafulatani ya sa masa shanu a gona bayan girbi, ko mai jakin da ke kai takin birni gonakin kewayen Kano, ba ya buƙatar a fassara masa wannan magana. Shanun da za su cece shi a lokacin suna can daji suna kiwon kansu.

Bari mu yi ɗan lissafi da alƙaluman da ya bayar. Ya yafa iri kimanin kilo 80, yana sa ran girbe kilo 330 zuwa 350, wato buhu uku da rabi, ninki huɗu na abin da ya zuba. Cire irin baɗi, saura kilo 260 ko kusa. Kilo ɗaya na alkama yana ba da kalori wajen 3,300. Raba a kwana 365, za ka samu kalori 2,300 da wani abu a rana. Abincin mutum ɗaya ke nan, kuma mutumin da ke wuni yana kaftu ya fi haka buƙata. Masara da lambu da aladu ne za su cike giɓin. Saboda haka ba abin mamaki ba ne da a Fabrairun 1791 shi kaɗai ya fita daga rabon gwamnati, matarsa da jaririyarsu sai a Disambar shekarar. Ga kuma ɓarayi: ya ce babban abin da ke karya shi shi ne fursunoni masu yunwa da ke shigar masa gona kusan kowane dare.

Duk wannan a cikin fari aka yi shi. A ƙarshen Disambar 1790 ma'aunin zafi a Sidni ya kai kusan digiri 43. A Fabrairun 1791 jemagu da tsuntsaye suka riƙa faɗowa matattu daga bishiyoyi a Rose Hill. Rafin da garin Sidni ke sha ya ƙafe har sai da aka sassaƙa ramuka a dutse don tara ruwa. Masana yanayi na yau da suka koma kan waɗannan bayanai suna danganta farin da wani babban El Niño na farkon shekarun 1790, wato ɗumamar ruwan gabashin tekun Fasifik da ke janye ruwan sama daga gabashin Ostireliya.

Ina matar?

A cikin dogon bayanin da Tench ya rubuta, Elizabeth 'yan kalmomi kaɗan ta samu. Mijin ya ce fursunan da gwamna ya ba shi don taimako an janye shi, yanzu ba shi da mai taya shi sai matarsa, kuma mai ƙwazo ce. Shi ke nan. To amma duba kalanda. An ɗaura aure a Satumba, lokacin shukar masara. Girbin alkama a Nuwamba da Disamba yake, da lauje, sannan sussuka da shiƙa. Ta haifi 'yarsu ta fari a 1791, wato wani ɓangare na aikin shekarar da ciki ta yi shi, sauran da goyo. Watannin da suka yanke hukuncin gwajin, hannu huɗu ne a gonar.

Gwamnati ta lura da ita, amma ta hanyar da ta dace da ita gwamnatin. A 1792 Phillip ya yi mata cikakkiyar afuwa, kuma ana lissafa ta a matsayin mace fursuna ta farko da ta samu haka a ƙasar. David Collins, alƙalin sansanin wanda ya rubuta tarihinsa, ya kawo dalilin: ita kyakkyawan hali, mijin kuma ƙwazo, domin yana ciyar da kansa da ita da ɗa da fursunoni biyu ba tare da rumbun gwamnati ba. Ka ga yadda aka raba? Shekara biyu kafin nan mijin da bakinsa ya kira ta mai ƙwazo. A takardar hukuma ƙwazon ya koma kansa, ita kuma aka lissafa ta cikin bakunan da yake ciyarwa. A ganina wannan ɗan sauyi ya fi kowane abu nuna wahalar rubuta tarihin iyalin leburori. Abin da ya rage daga gare su rajistar kotu ce, da jerin sunayen jirgi, da rajistar coci, da littafin rabon abinci, da takardar fili, da ƙidaya. Kowace an rubuta ta ne don amsa tambayar mai mulki: wa ya yi laifi, wa ke cin abincinmu, wa za a karɓi bashi a wurinsa.

Filin dai an ba su. Eka 30, wato hekta 12, kuma shi ne na farko a rajistar rabon filaye ta yankin. Aka sa masa suna Experiment Farm, ma'ana Gonar Gwaji.

Fam arba'in

A Oktoban 1793 Ruse ya sayar da gonar ga John Harris, likitan rundunar soja, a kan fam 40. Amfanin gonar ya ja baya, kamar yadda shi da kansa ya yi hasashe. Amma ƙasa kaɗai ba ta isa bayani ba. Phillip ya bar ƙasar a Disambar 1792, mulki ya koma hannun Manjo Francis Grose, shi kuma ya buɗe wa hafsoshinsa ƙofa: fili eka ɗari, da fursunoni goma masu yi maka aiki waɗanda gwamnati ke ciyarwa. Hafsoshin suka kuma mamaye sayen kayan duk jirgin da ya shigo, musamman barasa, wadda ta zama kamar kuɗi a ƙasar da tsabar kuɗi ta yi ƙaranci. Ƙaramin manomi yana karɓar sukari da tufafi da barasa bashi a farashin da mai kaya ya ga dama, ya biya da hatsi lokacin kaka, in hatsin bai kai ba ya biya da gona. A 1798 gwamna John Hunter ya sa limamin coci Samuel Marsden da likita Thomas Arndell su binciki halin ƙananan manoma, suka tarar mafi yawan waɗanda Phillip ya zaunar sun rabu da filayensu.

Wato a kan ƙasa iri ɗaya, mai fartanya ɗaya ya gaza, mai leburori goma na kyauta ya bunƙasa, ya sayi dabbobi, dabbobin suka ba shi taki.

Kuɗin gonar bai daɗe a hannun Ruse ba. A Janairun 1794 iyalin suna cikin manoma 22 na farko da suka tare a bakin kogin Hawkesbury, arewa maso yamma da Parramatta, kusa da inda garin Windsor yake yanzu. Ga wanda ba shi da shanu, wurin kamar amsar addu'a ne. Fadama ce mai zurfin ƙasa, baƙa, wadda masara ke yi a cikinta ba taki. Abin da ya sa take da kyau kuwa shi ne kogin yana malala yana zuba mata sabuwar laka. Turawan farko da suka bi kogin sun ga ciyayi da karikitai maƙale a rassan bishiyoyi can sama da kansu, alamar inda ruwa ke kaiwa.

Kwarin yana da wani irin tsari da masana ruwa ke kwatantawa da baho mai famfo biyar da ƙaramar mafita ɗaya. Manyan rassan kogi suna zubo ruwa cikin fili mai faɗi, amma hanyar fita zuwa teku matsattsen kwazazzabo ne na dutse a wajen Sackville. Ruwa na shigowa fiye da yadda yake fita, sai ya taru ya yi sama. An yi ambaliya a 1799, da 1800, da 1801, da wata babba a 1806, da kuma 1809. Mafi girma da aka auna, ta 1867, ta kai mita 19 da ɗori a Windsor.

Kafin mu bi iyalin cikin ruwan nan, akwai waɗanda ba a tambaya ba. Takardar Ingila ta ɗauki ƙasar a matsayin wadda ba ta da mai ita, ra'ayin da sai a 1992 babbar kotun Ostireliya ta rushe shi a shari'ar Mabo. Gonar Gwaji a ƙasar Burramattagal take, wani reshe na al'ummar Darug, kuma sunan Parramatta daga harshensu ya fito, yana da alaƙa da wani kifi mai kama da maciji da suke kamawa a kogin. A Afrilun 1789, watanni kafin a ba Ruse fili, agana ta ratsa mutanen yankin Sidni, Phillip da kansa ya ƙiyasta ta kashe rabinsu. Kogin Hawkesbury su Dyarubbin suke kiransa, kuma bakinsa, daidai inda baƙin suka fi so, nan ne suke haƙar doyar daji. Aka sassabe doyar aka shuka masara. Da masu ƙasa suka zo ɗibar masara a inda suka saba ɗibar doya, sai aka kira su ɓarayi, aka harbe su, su ma suka rama da masu. Zuwa tsakiyar 1795 baƙi sun kai kimanin 400 a bakin kogin, aka turo sojoji fiye da 60, aka yi kisa a wajen Richmond Hill. A 1804 wasu mutanen kogin suka gaya wa gwamna King cewa ba sa son a kore su daga 'yan wuraren da suka rage musu a gaɓa. Ya yi alkawarin ba za a ƙara matsawa ƙasa ba, alkawarin bai ɗore ba.

Ba na ganin za a iya ba da labarin Ruse da Elizabeth a tsallake wannan. An zalunce su, an kuma yi amfani da su wajen zaluntar wasu. Nasarar da suka yi a eka biyu ita ce hujjar da ta sa aka ci gaba da rabon filaye ga tsofaffin fursunoni, kuma kowace takardar fili gonar doyar wani ce ko wurin farautarsa.

Sauran labarin gajere ne, kamar yadda takardun suke. Ruse ya samu ƙarin fili a bakin kogin, ya sayar, ya sayi wani. A 1801, bayan ambaliya a jere, ya jinginar da gonarsa ga Henry Kable, wanda shi ma tsohon fursuna ne na ayarin farko amma ya zama attajirin jiragen ruwa. A shekarar ce kuma ya ba da ɗansa James koyon aikin jirgi a kamfanin Kable ɗin. Lissafa daga ranar auren iyayensa: yaron bai wuce shekara 10 ba. Bayan ambaliyar 1809 aka ba shi fili a Bankstown, a 1819 aka ba shi eka 100 a Riverstone. Ƙidayar 1828 ta same shi yana dab da shekara 70 yana aiki a gandun Kyaftin Richard Brooks a yankin Minto, a matsayin abin da a ƙasar Hausa za a kira sarkin gandu. Mutumin da ke da lamba ɗaya a rajistar filaye ya koma inda ya faro a Cornwall, noman gonar wani.

Elizabeth ta rasu a Mayun 1836, shi kuma a 5 ga Satumba 1837, ranar da aurensu ya cika shekara 47. An binne su a maƙabartar cocin St John ta Katolika a Campbelltown. Rubutun da ke kan dutsen kabarinsa, wanda ake cewa shi ya sassaƙa mafi yawansa da hannunsa, cike yake da kalmomin da aka rubuta yadda kunne ya ji su, kuma abin da ya zaɓa a tuna shi da shi shi ne cewa shi ya fara shuka hatsi a ƙasar.

A yau akwai babbar hanya da sunansa a Parramatta, da unguwa a Campbelltown, da makarantar sakandaren aikin gona da ta yi suna wajen cin jarrabawa. Gidan da masu yawon buɗe ido ke ziyarta a Gonar Gwaji ba bukkarsa ba ce, na likita Harris ne, wanda aka gina wajen 1835, kuma unguwar da ke kewaye da shi Harris Park ake kiranta. Ɗan tafiya kaɗan daga nan za ka tarar da wani tsohon gida mai suna Elizabeth Farm. Kada sunan ya ruɗe ka: Elizabeth Macarthur ce, matar ɗaya daga cikin hafsoshin da aka ba eka ɗari a 1793.